Daga huhu zuwa ƙwayar halitta: yadda ake sa ido kan iskar oksijin a jikin mai tsananin ciwo da wanda ake yi wa tiyata

Akwai wani yanayi da duk wanda ya daɗe yana aiki a sashen kula da masu tsananin rashin lafiya ya san shi sarai. Majinyaci yana kwance, 'yar na'urar da aka maƙala masa a yatsa tana nuna kashi 98 cikin ɗari, amma ƙafafunsa sun yi sanyi, fitsarinsa ya ragu ƙwarai, hankalinsa kuma ya fara gushewa. Na'urar gaskiya ta faɗa, jikin ma gaskiya yake faɗa, sai dai kowannensu tambaya daban yake amsawa. Na'urar tana cewa jinin da ya baro huhu ya ɗauko iskar oksijin yadda ya kamata, jikin kuwa yana cewa iskar ba ta kai inda ake bukatarta ba, ko kuma ta kai amma an kasa cin moriyarta. Tazarar da ke tsakanin waɗannan maganganu biyu ita ce ta sa likitoci suka shafe fiye da shekara hamsin suna neman hanyar leƙa abin da ke faruwa a cikin naman jiki kansa, a ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanji da bakin rauni, maimakon su tsaya ga abin da jini ya ɗauko kawai.

Ba za a gane amfanin na'urorin ba sai an bi iskar a tafiyarta. Kashi 21 cikin ɗari na abin da muke shaƙa oksijin ne, kuma a daidai gaɓar teku matsinta ya kai kusan milimita 160 a ma'aunin zaiba. Idan ta shiga 'yan jakunkunan huhu ta gauraya da tururi da iskar kabon dayoksaid, sai matsin ya sauko zuwa wajen 100. A jinin da ke komawa zuciya bayan ya zaga jiki bai wuce 40 ba, sannan a cikin mitokondiriya, wato 'yan murhunan da ke cikin ƙwayoyin halitta inda ake ƙona abinci a samu ƙarfi, milimita ƙalilan ne suka rage. Wannan gangara ita ce ke tura iskar gaba, domin babu wani famfo da ke cusa ta cikin ƙwayar halitta, daga inda take da yawa take tsiyaya zuwa inda take da ƙaranci. August Krogh na ƙasar Denmark, wanda ya samu kyautar Nobel a 1920, shi ne ya fayyace cewa kowace siririyar jijiya tana ciyar da naman da ke kewaye da ita ne zuwa 'yar wata tazara kawai. Saboda haka idan wasu jijiyoyin suka toshe, ko kumburi ya nesanta su da ƙwayoyin halitta, waɗanda ke can gefe za su shiga yunwa ko da jinin da ke wucewa cike yake da iska.

Kusan dukkan iskar da ke cikin jini himogulobin ne ke ɗauke da ita, wato sinadarin da ke sa jini ja. Giram ɗaya nasa yana ɗaukar kimanin mililita 1.34, don haka mutum mai giram 15 a cikin kowace mililita 100 ta jininsa yana da kusan mililita 20 na oksijin a wannan awo. Zuciyar baligi mai hutawa tana tura wajen lita 5 na jini a minti guda, abin da ke nufin kimanin lita ɗaya ta oksijin tana barin zuciya kowane minti, alhali jiki ba ya cin fiye da mililita 250 a ciki. Rubu'i ke nan, shi ya sa jinin da ke dawowa yake riƙe da kashi 70 zuwa 75 na lodinsa. Wannan rara ce da ke ceton mutum idan ya zubar da jini ko zazzaɓi ya tsananta, amma rara ce da ke tafe cikin jini, jiki ba shi da wani rumbu da ya tara iskar a ciki. Idan zuciya ta tsaya, cikin daƙiƙa goma ko kusa da haka mutum zai suma, cikin 'yan mintuna kuma ƙwaƙwalwa ta fara lalacewa. A 1920 Joseph Barcroft na Ingila ya kasa yunwar iska gida uku: ko huhu ya gaza loda ta, ko jinin da zai ɗauke ta ya yi kaɗan, ko gudun jinin ya yi rauni. Daga baya aka ƙara gida na huɗu, inda iskar ke isa amma ƙwayar halitta ta kasa ƙona ta, kamar yadda ake gani idan mutum ya sha gubar sayanaid. A cikin waɗannan huɗu, na farko kaɗai na'urar yatsa take gani. Wanda ya rasa rabin himogulobin ɗinsa zai iya nuna kashi 100, domin ragowar da ya rage cike yake, duk da cewa abin da ke isa jikinsa rabi ne.

Wannan ba ya rage wa na'urar daraja. Injiniya ɗan Japan, Takuo Aoyagi na kamfanin Nihon Kohden, shi ne ya gano sirrinta a farkon shekarun 1970, lokacin da yake ƙoƙarin auna yawan jinin da zuciya ke turawa ta hanyar haska kunne, bugun jini kuma yana ta ɓata masa awon. Sai ya lura cewa wannan bugun da ke damunsa shi ne zai ba shi damar ware jinin da ya fito daga zuciya daga sauran abin da hasken ya ratsa. Na'urar yau tana aika haske iri biyu, ja mai tsawon zango nanomita 660 da infirared mai 940, ta kwatanta yadda jini ke shanye kowannensu. Ta sauya aikin sa barci a ɗakin tiyata baki ɗaya, har ta shiga jerin abubuwan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a tabbatar da su kafin a fara yanka, tun 2008. Sai dai tana da wuraren da take makancewa. Idan yatsa ya yi sanyi ko bugun ya yi rauni, wato daidai lokacin da aka fi bukatarta, awonta ba abin dogaro ba ne. Ba ta bambanta himogulobin da ya ɗauki oksijin da wanda ya ɗauki kabon monoksaid, don haka wanda hayaƙi ya turnuƙe zai iya nuna lamba mai kyau yana kan hanyar mutuwa. Akwai kuma batun launin fata, wanda aka daɗe da sani amma aka yi masa riƙon sakainar kashi. A ƙarshen 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka suka kwatanta abin da na'urar ta nuna da abin da gwajin jini ya nuna, suka tarar cewa a lokutan da ta ce 92 zuwa 96, ainihin awon yana ƙasa da 88 a kashi 11.7 na gwaje-gwajen baƙar fata, a farar fata kuwa kashi 3.6 ne. Wato baƙar fata ya fi fuskantar haɗarin a ce masa lafiya lau alhali yana cikin ƙarancin iska, kusan ninki uku.

Tunda ba a iya shiga kowace ƙwayar halitta a auna, dabara ta farko da aka yi ita ce a duba abin da jiki ya dawo da shi. A 1970 Jeremy Swan da William Ganz a birnin Los Angeles suka fito da siririn bututu mai 'yar balan-balan a baki, wanda ake zurawa ta babbar jijiya, gudun jini ya ja shi ya ratsa ɓangaren dama na zuciya har ya shiga jijiyar huhu. A nan jinin da ya dawo daga ko'ina ya gama gauraya, kuma idan aka ga iskar da ke cikinsa ta faɗi zuwa kashi 50 ko ƙasa, an san jiki yana tatsar jinin fiye da ƙima domin abin da ke zuwa bai ishe shi ba. Da wannan bututu ne likitan tiyata William Shoemaker ya lura cewa waɗanda suka rayu bayan manyan tiyata su ne waɗanda zuciyarsu ta iya tura jini da iska sama da na mai lafiya, sai ya kawo shawara a 1988 cewa a riƙa tura kowane majinyaci mai haɗari zuwa wannan mataki da ƙarin ruwa da magungunan ƙarfafa zuciya. Tunanin yana da daɗin ji. Amma da aka gwada shi a London kan masu tsananin ciwo da ke kwance a sashen kulawa ta musamman, sakamakon da aka wallafa a 1994 ya nuna kashi 54 na waɗanda aka tilasta wa zuciyarsu da maganin dobutamin sun mutu a asibiti, waɗanda ba a tilasta wa ba kuwa kashi 34. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Abin da aka fahimta daga baya shi ne, ƙarfin zuciyar waɗanda suka rayu alama ce ta cewa suna da sauran ƙwari a jiki, kuma bulala ba ta mayar wa gajiyayyiyar zuciya ƙwarin da ta rasa.

Labarin ya sake dawowa a wata siga a 2001, lokacin da Emanuel Rivers a birnin Detroit ya ɗauki majinyata 263 da ƙwayoyin cuta suka gurɓata musu jini, ciwon da ake kira sefsis, ya bi da rabinsu da wani tsari na awa shida na farko wanda burinsa shi ne iskar da ke cikin jinin babbar jijiyar da ke shiga zuciya ta kai kashi 70. Mace-mace ya sauko daga kashi 46.5 zuwa 30.5, duniya kuma ta rungumi tsarin. Bayan fiye da shekara goma aka sake gwada shi a manyan bincike uku, ɗaya a Amurka, ɗaya a Ostireliya da New Zealand, ɗaya a Ingila, a tsakanin 2014 da 2015, kuma babu ko ɗaya da ya nuna ya fi kulawar yau da kullum. A ganina kuskure ne a karanta wannan a matsayin faɗuwar Rivers, domin kulawar yau da kullum ɗin ita kanta ta riga ta sauya ta dalilinsa: an koyi gane ciwon da wuri, a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta da ƙarin ruwa ba tare da jinkiri ba. Abin da ya faɗi shi ne zaton cewa lamba 70 ita ce maganin.

Ba a nan ma gizo ke saƙa ba. Wannan awo matsakaici ne na jiki gaba ɗaya, gaɓoɓi kuwa ba ɗaya suke ba. Tsokar zuciya tana tatsar kusan kashi 70 na iskar da ta zo mata ko da mutum yana hutawa, saboda haka ba ta da wata rara, idan aikinta ya ƙaru sai dai jinin da ke zuwa mata ya ƙaru. Ƙoda tana karɓar wajen kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke turawa kuma kaɗan take tatsa, amma can cikin tsakiyarta matsin iskar bai wuce milimita 10 zuwa 20 ba ko a mai lafiya, shi ya sa take saurin raunata. Ƙwaƙwalwa, wadda nauyinta kashi 2 ne na jiki, tana cin kusan kashi 20 na iskar. Idan aka zuba duk wannan a tukunya ɗaya, hanji zai iya kasancewa yana mutuwa lambar tana nan daram. A ciwon sefsis kuma lambar takan yi sama, ta kai 80 ko fiye, kuma wannan ba albishir ba ne, domin yana iya nufin jini yana wucewa ba tare da ya sauke lodinsa ba. A 2002 Daniel De Backer da abokan aikinsa a birnin Brussels suka sa 'yar kyamara a ƙarƙashin harshen masu wannan ciwo, suka ga da idonsu yadda jini ke gudu a wata siririyar jijiya, ta kusa da ita kuwa ta tsaya cik, kuma abin ya fi muni a waɗanda suka mutu daga baya. Wannan hoto ya nuna cewa ana iya gyara matsin jini da bugun zuciya su dawo daidai, ƙananan jijiyoyi kuma su ƙi bi. Har yau dai kyamarar ta fi zama kayan bincike, domin karanta hotunanta yana cin lokaci kuma ba a samu maganin da aka tabbatar yana buɗe waɗannan jijiyoyi ya ceci rai ba.

Dabara ta biyu ita ce a saurari kukan ƙwayoyin halitta ta abin da suke zubarwa cikin jini. Idan iska ta yi kaɗan, ƙwayar halitta tana farfasa sukari ta gajeriyar hanya, ta fitar da laktet, sinadarin da Carl Wilhelm Scheele ya fara warewa daga madara mai tsami a 1780. A mai lafiya bai kai milimol 2 a lita ba, kuma tun 2016 ma'anar da aka amince da ita ta durƙushewar zagayawar jini a ciwon sefsis ta ƙunshi laktet da ya haura 2 tare da bukatar maganin da zai riƙe matsakaicin matsin jini a milimita 65. Ruwa ba ya tsami banza: duk majinyacin da laktet ɗinsa ya hau yana cikin haɗari, kuma wanda nasa ya ƙi sauka ya fi shiga haɗari. Amma dalilin tsamin ba kullum ne rashin iska ba. Adirenalin, ko wanda jiki ya fitar ko wanda aka zuba a jijiya, yana hanzarta farfasa sukari ya ɗaga laktet ko da iska ta wadata. Hantar da ta gaza ba ta iya kwashe shi daga jini. Maganin asma na salbutamol da maganin ciwon sukari na metfomin su ma suna iya ɗaga shi. Likitan da ya ɗauki kowane hawan laktet a matsayin kiran ƙarin ruwa zai iya cika majinyaci da ruwa har huhu ya jiƙe, nama ya kumbura, tazarar nan da Krogh ya yi magana a kai ta ƙaru, iskar kuma ta ƙara wahalar isa.

Wannan damuwa ce ta sa Glenn Hernández na ƙasar Chile da abokansa suka koma ga gwajin da ba ya bukatar komai sai yatsa da agogo. Ana danna tsokar kan yatsan majinyaci da 'yar gilashi har ta yi fari, a riƙe daƙiƙa 10, a saki, a ƙirga lokacin da launin zai dawo. Idan ya wuce daƙiƙa 3, jini ba ya isa fata yadda ya kamata. Sun gwada wannan a majinyata 424 a ƙasashe biyar na Latin Amurka, rabi ana bin yatsa duk minti 30, rabi ana bin laktet duk awa biyu. A sakamakon da ya fito a 2019, kashi 34.9 na rukunin yatsa sun mutu cikin kwana 28, na rukunin laktet kuwa 43.4. Bambancin bai kai mizanin da masana lissafi ke yanke hukunci da shi ba, kuma wajibi ne a faɗi haka, amma ƙarin ruwan da aka yi wa rukunin yatsa bai kai na rukunin laktet ba, gaɓoɓinsu kuma sun fi saurin farfaɗowa. Hikimar ita ce fata tana cikin wuraren da jiki ke fara janye wa jini idan ya shiga matsi, kuma tana amsa magani cikin mintuna, laktet kuwa yakan ɗauki awanni kafin ya sauka ko da matsalar ta wuce.

A ɗakin tiyata tambayar takan fi takamaimai, domin sau da yawa an san gaɓar da ke cikin haɗari. A 1977 Frans Jöbsis na Jami'ar Duke ya nuna cewa haske mai tsawon zango tsakanin nanomita 700 da 1000 yana iya ratsa fata da ƙashi ya shiga ƙwaƙwalwa, kuma yadda ake shanye shi yana sauyawa gwargwadon iskar da ke cikin jinin wurin. Daga nan aka samu faifan da ake mannawa a goshi, waɗanda ke aika haske su karɓi wanda ya dawo daga zurfin santimita biyu ko kusa da haka. Ba sa bukatar bugun jini, shi ya sa suke aiki ko lokacin da aka tsayar da zuciya aka ɗora majinyaci kan injin da ke yi wa zuciya da huhu aiki. Tunda kusan kashi uku cikin huɗu na jinin da hasken ke gani mai komawa ne, lambar tana nuna daidaito tsakanin abin da ya zo da abin da aka ci. A mafi yawan mutane tana tsakanin 60 da 75, amma mutane sun bambanta ƙwarai, saboda haka ake ɗaukar awon kowa kafin a sa shi barci, a riƙa kwatanta shi da kansa. Faɗuwar kashi 20 daga inda aka fara, ko sauka ƙasa da 50, ita ce akasari ke sa a tashi tsaye a duba matsin jini, da yawan kabon dayoksaid, da himogulobin, da yadda wuya ya karkata, da inda bututun injin ya zauna. A tiyatar babbar jijiyar zuciya, ko ta jijiyar wuya inda ake matse ta na ɗan lokaci, faɗuwar lambar a gefe ɗaya na goshi na iya zama alama ta farko cewa rabin ƙwaƙwalwa ya rasa jini, a lokacin da har yanzu ana iya gyarawa. Haka kuma idan aka dasa nama daga wani sashen jiki zuwa wani aka ɗinke jijiyoyinsa, faifan yakan nuna toshewa kafin launin naman ya sauya.

Iyakarsa ita ma a bayyane take. Ɗan yanki na gaban ƙwaƙwalwa kawai yake gani, ƙarancin jinin da ya faru a ɓangaren baya ko can ciki zai wuce shi. Jinin fatar kai yana shiga awon, don haka maganin da ke matse jijiyoyin fata zai iya sauke lambar alhali ƙwaƙwalwa lafiyarta ƙalau. Na'urorin kamfanoni daban-daban ba sa ba da lamba ɗaya a goshi ɗaya. Da aka gwada shi a jarirai bakwaini kimanin 1,600 da aka haifa kafin mako 28, ana bin awon ƙwaƙwalwarsu a awa 72 na farko, sakamakon 2023 bai nuna raguwar mutuwa ko mummunan raunin ƙwaƙwalwa ba. Kusan haka abin yake ga hanyar da ta fi kowace kai tsaye, wato zura siririyar waya ta cikin ƙoƙon kai zuwa naman ƙwaƙwalwa a masu mummunan rauni a ka. Wayar tana aiki da dabarar da Leland Clark ya ƙirƙira a shekarun 1950, kuma ana ƙoƙarin kada matsin iskar ya sauka ƙasa da milimita 20. Ta nuna abu mai muhimmanci, cewa ƙwaƙwalwa tana iya shiga yunwar iska alhali matsin cikin kai yana daidai, amma binciken da aka yi a Faransa aka wallafa a 2023 bai samu bambanci a lafiyar majinyata bayan wata shida ba.

Akwai wani naman da ba a cika tunawa da shi ba, wato bakin raunin tiyata. Fararen ƙwayoyin jini suna amfani da oksijin ne su haɗa gubar da suke kashe ƙwayoyin cuta da ita, haɗa zaren kolajin da ke ɗinke rauni shi ma sai da ita. Thomas Hunt da ɗalibansa a San Francisco sun daɗe suna auna iskar ƙarƙashin fata, suka nuna cewa waɗanda awonsu ya yi ƙasa sun fi samun ruɓewar rauni, kuma abin da ke sauke ta shi ne sanyi, da zafin ciwo, da ƙarancin ruwa a jiki, da sigari, domin dukkansu suna matse ƙananan jijiyoyi. A 1996 aka raba masu tiyatar babban hanji 200 gida biyu, aka ɗumama rabi aka bar rabi suka yi sanyi da kusan digiri biyu: raunin kashi 6 ne ya ruɓe a waɗanda aka ɗumama, a ɗaya rukunin kuwa kashi 19. Ƙara yawan iskar da ake shaƙa bai ba da amsa mai tsabta haka ba. Wani bincike na 2000 ya samu cewa kashi 80 na oksijin a maimakon 30 ya rage ruɓewa da rabi, amma wani mafi girma a Denmark a 2009, mai majinyata kusan 1,400, bai ga bambanci ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ƙarfafa shawarar kashi 80 a 2016, ta sassauta ta a 2018. Wannan ya dace da lissafin farko: idan himogulobin ya riga ya cika, ƙarin iska kaɗan yake ƙarawa, kuma ba ya buɗe jijiyar da sanyi ya matse. Yawan iskar ma yana da tasa illa, yana matse jijiyoyin zuciya da na ƙwaƙwalwa kuma yana iya sa wasu sassan huhu su rufe. Ko ƙarin jini, wanda a takarda shi ne hanya mafi sauƙi ta ƙara lodi, binciken Kanada na 1999 kan majinyata 838 ya nuna cewa jira har himogulobin ya sauka zuwa giram 7 bai fi ƙarawa tun yana giram 10 haɗari ba a mafi yawan masu tsananin ciwo.

Wanda ya bi wannan tarihi zai iya tambaya ko sa idon yana da wani amfani ke nan, tunda bincike bayan bincike ya kasa nuna cewa na'ura ta ceci rai. Ita kanta na'urar yatsa, da aka gwada ta a Denmark kan majinyata sama da 20,000 a farkon shekarun 1990, ta gano ƙarancin iska ninki 19 fiye da ido, amma ba ta rage yawan matsalolin bayan tiyata ba, kuma babu likitan sa barci mai hankali da zai yarda ya yi aiki ba tare da ita ba. Na'ura ba ta warkarwa, abin da aka yi bayan an karanta ta shi ne ke warkarwa ko ya cutar, kuma inda aka fi yin ɓarna shi ne inda aka ɗauki lamba ɗaya aka yi ta bin ta da ruwa da magani ba tare da an tambayi dalilin faɗuwarta ba. A aikace alamomin suna ƙarfafa juna ne. Laktet mai hawa tare da yatsa mai jinkirin dawowa da jinin babbar jijiya mai ƙarancin iska suna nuna gudun jini ya gaza, kuma wannan majinyaci yana bukatar ruwa ko maganin zuciya ko jini cikin gaggawa. Laktet mai hawa a mutumin da hannunsa ke da ɗumi, yatsansa na dawowa cikin daƙiƙa biyu, yana fitsari kuma yana gane mutane, wani labari ne daban, kuma ƙarin ruwa a gare shi ya fi kusa da cutarwa. Idan aka auna kabon dayoksaid a jinin da ke fita da wanda ke dawowa aka ga ratar ta wuce milimita 6, wannan ma yana ƙara nuna cewa jinin ba ya gudu da saurin da zai kwashe sharar jiki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yawan waɗannan hanyoyi da suka dogara da haske da launi. Na'urar yatsa da faifan goshi duka ta cikin fata suke aika haske, sinadarin da ke sa fata duhu kuma yana shanye wani ɓangare nasa. Dabbare-dabbaren da ake nema a gwiwar mai sefsis, wanda likitoci a Faransa suka nuna cewa faɗinsa yana tafiya da haɗarin mutuwa, da wuya a gan shi a fata mai duhu. Ga irin wannan majinyaci, mai kula da shi yana bukatar ya danna tsokar tafin yatsa inda fatar ta fi haske, ya taɓa gwiwa da tafin ƙafa ya kwatanta ɗuminsu da na cinya, ya auna fitsari kowace awa, kuma idan na'urar ta ce 93 majinyacin yana haki yana ruɗewa, ya ɗebi jini daga jijiyar wuyan hannu ya auna iskar kai tsaye.